Abin Sha na Gida da Rayuwar Waje a Zangon Wagadugu: Dalilai da Sakamako

Haɗa abin sha mai sanyi a gida, kamar zoɓo da ruwan tsamiya da ruwan citta da kunun aya, tsohuwar al'ada ce a gidajen Hausawan Wagadugu, babban birnin Burkina Faso. Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne yawansa da inda ake shansa. A da ana haɗa shi ne don baƙo, ko buɗa-baki, ko taron suna da biki. Yanzu ya zama guzurin yau da kullum na mai tuƙa babur, da ɗan ƙwallo, da mai sassarfa da asuba, da 'yar kasuwa da ke wuni a rana. Tsohon zangon Hausawa na tsakiyar birni, wato Zangouettin, an rushe shi a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA na sake fasalin cibiyar kasuwanci, mazaunansa suka watsu zuwa sababbin unguwanni a gefen gari. Sun tafi da hanyoyin haɗinsu, suka kuma tarar da na maƙwabta Mosawa da Fulani da Yarbawa, har aka wayi gari kowa na shan na kowa.

Abin sha da lokacinsa

Shekarar Wagadugu ta rabu ne bisa zafi da ruwa, kuma kowane yanayi da abin da yake kawowa kasuwa. Da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ake girbe furen yakuwa a shanya, sai zoɓo ya yi arha kuma launinsa ya fi ja. Sabon gero ma a lokacin yake shigowa, wanda da shi ake yin zoom-koom, ruwan maraba na Mosawa: garin gero da aka dama da ruwan tsamiya, a sa citta da sukari, a tace. Bahaushe yana ganinsa ɗan'uwan farau-farau ne, shi ya sa bai yi masa wuyar karɓa ba.

Da hunturu, lokacin da ƙura ke busar da maƙogwaro, an fi neman citta da kanumfari da lemun tsami, wasu ma su sha da ɗumi. A wannan lokacin ne tsamiya da 'ya'yan kuka ke nuna, kuma lambunan Boulmiougou da ke yammacin birni suke fitar da sitiroberi, wanda masu hali ke markaɗawa da nono. Daga Maris zuwa Mayu bazara ke kamawa, zafi yakan haura digiri 40, mangwaro kuma ya cika gari daga yankunan Orodara da Bobo-Dioulasso da Banfora. Gab da faɗuwar damina weda ke fitowa, ɗan itacen wata kurangar daji mai tsamin gaske, wanda ake jiƙawa a matse a sa sukari. Aya da dabino kuwa, tunda busassu ake ajiye su, ana samun su duk shekara.

Dalilan yaɗuwar al'adar

Dalili na farko shi ne yadda mutanen birnin ke zirga-zirga. Wagadugu ta shahara da keke da babur, maza da mata, tsoho da yaro. Wanda ya tashi daga unguwar gefen gari zuwa kasuwar Rood Woko ko Sankaryare yana shan rana zuwa da dawowa, ba rufin mota a kansa. Watsewar mutanen Zangouettin ta ƙara tsawon wannan tafiya, domin wanda a da yake takawa zuwa rumfarsa da ƙafa, yanzu sai ya yi kilomitoci. Gorar zoɓo da aka daskarar tun dare, aka ɗaure a bayan babur, ita ce maganin ƙishin hanya.

Na biyu shi ne motsa jiki da ya samu gindin zama. A mulkin Thomas Sankara, daga 1983 zuwa 1987, gwamnati ta ɗora wa ma'aikata wasannin motsa jiki na bai-ɗaya, kuma a 1987 aka fara tseren keke na Tour du Faso, wanda ake yi wajen ƙarshen Oktoba. Har yau ana ganin masu gudu da masu tattaki a dajin shaƙatawa na Bangr-Weogo, da bakin madatsun ruwa uku na birnin, da kewayen filin wasa na 4 ga Agusta. A unguwanni kuma duk fegin da ba a gina ba filin ƙwallo ne da la'asar. Inda duk aka taru ana gumi, mai sayar da abin sha mai sanyi za ta kafa kujerarta a gefe.

Na uku addini ne. A mashayun birnin giyar Brakina ce ke tafiya, a unguwanni kuma dolo, burkutun dawa. Musulmin zango ba ya kusantar waɗannan, don haka gwanintar haɗe-haɗe ta koma kan abin da ya halatta: zoɓo da abarba da na'a-na'a, tsamiya da citta da barkono kaɗan, kuka da nono, aya da dabino da kwakwa. Azumi ma ya taimaka. Watan Ramadan yana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, kuma a 2023 da 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, tsakiyar bazara. Gidan da ya saba haɗa kala uku don buɗa-baki ba ya dainawa bayan salla.

Na huɗu kuɗi ne. Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada, jama'a suka ƙara karkata ga na gida. Kiran da aka yi tun zamanin Sankara na a ci abin da ƙasa ta noma ya ba wannan zaɓi mutunci, har zoɓo da zoom-koom suka hau teburin manyan taruka. Ƙullin zoɓo na dala goma ko dala ashirin bai kai rabin kuɗin lemun kwalba ba.

Na biyar, wanda ya ɗaure sauran, shi ne ƙanƙara. Randa tana sanyaya ruwa amma ba ta hana kunun aya lalacewa. Shigowar firji da injin markaɗe da kula cikin gidaje ita ta ba abin sha damar fita daga tsakar gida ya wuni a titi. Ko gidan da ba wuta yana sayen ƙanƙarar leda daga maƙwabta.

Amfanin da aka samu

Mata ne suka fi cin moriya. Jarin sana'ar kaɗan ne: tukunya, rariya, kwanon zoɓo, sukari da kula. Matar da ba ta fita takan haɗa a gida, yara ko 'yan aiki su kai makaranta, tasha, gareji ko bakin fili. Ribar tana shiga kuɗin cefane da adashi da kayan ɗakin 'ya'ya mata. Daga nan alherin yake gangarawa ƙauye, wurin matan da ke shuka yakuwa a gefen gona, da masu tsinko tsamiya da kuka, da manoman citta na yankin Kenedugu. Mangwaron da a da yake ruɓewa a kasuwa saboda yawa yanzu wani kaso nasa yana ƙarewa a gora.

Ta fuskar jiki, garin 'ya'yan kuka yana da sinadarin bitamin C mai yawa, zoom-koom da fura suna riƙe ciki saboda geron da ke cikinsu, kuma binciken likitoci ya nuna zoɓo yana ɗan sauke hawan jini. Mai aiki a rana da ya sami abin sha mai ɗanɗano yakan sha ruwa fiye da yadda zai sha da ruwa zalla ne.

Illolin da suka biyo baya

Babbar illa sukari ce. Zoɓo da tsamiya da weda duk masu tsami ne, mai saye kuma zaƙi yake bi, sai mai haɗi ta riƙa zubawa har tsamin ya ɓace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana. Wanda ya yi gudun rabin awa sannan ya shanye gora biyu masu zaƙi ya mayar da abin da ya ƙona. Haka kuma gumi yana fitar da gishiri, waɗannan abubuwan sha kuwa kusan babu gishiri a cikinsu, don haka ba sa maye gurbin ruwan gishiri da sukari ga wanda zafi ko gudawa ya kayar.

Ta biyu ita ce tsabta. Zoɓo ana tafasa shi, tsaminsa kuma yana rage saurin lalacewa, amma kunun aya da zoom-koom ɗanye ake tace su. A unguwannin da ba a yanka filaye ba, inda famfon hukumar ruwa ta ONEA bai shiga gidaje ba, a duro ake turo ruwa, kuma da shi ake haɗi da ƙanƙara. Bazara, lokacin da ciniki ya fi kyau, ita ce kuma lokacin da kamfanin SONABEL ya fi ɗauke wuta. Abin da ya narke ya sake daskarewa yana iya tsami ba a gane ba sai ciki ya murɗa. Gorunan roba da ake tsintowa a sake cikawa, in ba a wanke su da sabulu da ruwan zafi ba, wata ƙofa ce ta cuta.

Ta uku leda ce. Burkina Faso ta kafa dokar hana ledar da ba ta ruɓewa a 2014, amma ƙullin da aka tsotse aka yar yana nan a bakin kowane fili. Yana toshe magudanan ruwa a birnin da bai manta ambaliyar 1 ga Satumba 2009 ba, dabbobi kuma su haɗiye shi su mutu.

Akwai kuma sauyin ɗanɗano. Garin lemu na fakiti da turaren abinci na kwalba sun fi abarba da na'a-na'a arha, kuma ba ruwansu da lokaci. Idan suka yi yawa, alaƙar abin sha da yanayin shekara takan yanke, manomi ya rasa kasuwa, mai sha ya rasa sinadarin. Rashin tsaro da ya addabi ƙauyuka tun 2015 ya ƙara dagula lamarin, domin ya hana shiga wasu dazuzzukan da ake samo kuka da tsamiya.

Awon riba da hasara

Idan aka ɗora ɓangarorin biyu a sikeli, amfanin ya rinjaya a inda aka kiyaye abu uku: ruwa mai tsabta, sanyin da bai yanke ba, da sukari daidai gwargwado. Gidajen da ke tafasa ruwan haɗi, suna yin kunun aya kaɗan-kaɗan don ya ƙare a ranar, suna zaƙaƙa shi da dabino, suna kuma ba kowa gorarsa ta dindindin, sun kauce wa yawancin illolin ba tare da ƙarin kashe kuɗi mai yawa ba. Abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya shi ne famfo da wutar lantarki da kwashe shara, kuma yadda hukumomin birnin suka isar da waɗannan ga unguwannin gefen gari shi zai nuna ko sana'ar za ta tsaya a kula da leda ko za ta girma ta zama ƙananan masana'antu masu rajista da lakabi.