Baƙonka Annabinka, Amma In Alƙali Na Nemansa Fa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wannan mako, wata tambaya ce da wata yarinya ta yi mini a aji nan Jandutsi. Ina koya musu tsarin mulki, na ce sashe na 308 ya hana a kai Shugaban Ƙasa ko Gwamna ƙara kan laifi muddin yana kan kujera. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to in shugaba ya sa aka kashe talakawansa, wa zai yi masa shari'a?" Na ga tambayar ta fi ƙarfin aji ɗaya, don haka na kawo ta wannan fili.

Akwai wata tsohuwar al'ada tsakanin ƙasashe, watau rigar kariya. In shugaban wata ƙasa ya zo baƙunci, alƙalan masu masauki ba su da ikon kama shi. Dalili kuwa, ƙasashe duk tsarar juna ne, in babu wannan riga, ba shugaban da zai yarda ya fita neman sulhu. Amma a 1998 ƙasashe suka taru a birnin Rum suka ƙulla yarjejeniyar kafa Kotun Duniya mai hukunta manyan laifuffuka, wadda ke zaune a Hague ta ƙasar Holan. Nijeriya ta shiga a 2001. Sashe na 27 na yarjejeniyar ya ce sarauta ko muƙami ba su tsare kowa daga wannan kotu.

Sai dai fa kotun ba ta da ɗan doka ko ɗaya nata na kanta. Kamar alƙali ne wanda ba shi da dogari: in ya ba da sammaci, sai masu gari sun kamo masa mutum. Sau biyu irin wannan nauyi ya faɗo kan ƙasarmu.

Na farko shi ne Charles Taylor, shugaban Laberiya. Wata kotu ta musamman da aka kafa saboda yaƙin Saliyo ta tuhume shi tun yana kan mulki. A watan Agusta 2003, Shugaba Obasanjo ya ba shi masauki a Kalaba domin a kashe wutar yaƙi. Ya zauna kusan shekara uku. Da Ellen Johnson Sirleaf ta zama shugabar Laberiya, ta nemi a miƙa shi. Taylor ya sulale da dare, amma aka cafke shi a Gamborun Ngala, bakin iyakar Kamaru, ran 29 ga Maris 2006. A 2012 aka same shi da laifin taimakon 'yan tawayen da suka yi kisa da fyaɗe, suka bautar da mata, suka ba yara bindiga. Aka ɗaure shi shekara 50. Ku lura, 'yammata, cikin alƙalai uku da suka yanke hukuncin, biyu mata ne.

Na biyu shi ne Umar al-Bashir na Sudan. Kotun Duniya ta ba da sammacin kama shi a 2009, ta ƙara wani a 2010, saboda ta'asar da aka yi a Darfur tun daga 2003: ƙona ƙauyuka, da kisan jama'a, da keta mutuncin mata. Darfur ba baƙon wuri ba ne gare mu. Ta can kakanninmu suka riƙa bi da ƙafa zuwa Makka, har yau kuma akwai Hausawa da yawa zaune a Sudan. Sojojinmu ma sun je tsaron lafiya can, waɗansu ba su komo ba.

A watan Yuli 2013, zamanin Shugaba Jonathan, al-Bashir ya sauka Abuja don taron Tarayyar Afirka kan ƙanjamau da tibi da zazzaɓin sauro. Kotu ta ce a kama shi, waɗansu 'yan ƙasa kuma suka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya. Gwamnati ta ce baƙon Tarayyar Afirka ne, ita kuwa Tarayyar ta riga ta yanke tun 2009 kada a ba da hannu wajen kama shi. Kwana ɗaya ya yi, ya hau jirgi tun ba a tashi taro ba. Haka ya kuɓuta a Afirka ta Kudu a 2015, da Jodan a 2017.

A kan maganar Jodan ne kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta yanke a watan Mayu 2019 cewa rigar kariya ba ta aiki a gaban kotun duniya, kuma wajibi ne ƙasar da ta sa hannu ta kama wanda ake nema. Alƙalin da ya shugabanci zaman ɗan Nijeriya ne, Chile Eboe-Osuji. Wata guda kafin nan jama'ar Sudan suka taso, mata a gaba, har soja suka tuɓe al-Bashir. Duk da haka har yau ba a kai shi Hague ba.

Kada mu ƙi faɗin gaskiya, masu ƙorafi suna da hujja. Sun ce yawancin waɗanda kotun ta gurfanar 'yan Afirka ne, alhali Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba. Maƙwabtanmu Nijar, tare da Mali da Burkina Faso, sun ba da sanarwar ficewa a watan Satumba 2025. To, amma ku da kuke aiken awo kasuwar Jega kun sani, in mudu ya lotse gyara shi ake yi, ba a cewa kowa ya ɗibi hatsi yadda ya ga dama. Matar da aka ƙone wa rumbu a Darfur ba ruwanta da gardamar manyan ƙasashe, haƙƙinta take nema.

Mun tashi ana ce mana baƙonka annabinka, gaskiya ne kuwa. Amma wace ce cikinmu, daga Aliero har Maiyama, za ta shimfiɗa tabarma ga wanda ake nema kan jinin 'ya'yan maƙwabciyarta, sa'an nan ta fid da shi ta ƙofar baya? Karimci daban, ɓoye wanda alƙali ke kira daban. In ba shi da laifi, ai a gaban shari'a zai wanku.

Amsar da na ba yarinyar nan ita ce: riga ta kujera ce, alhaki kuwa na mutum ne, ba ya tuɓuwa. Taylor ya sha inuwar Kalaba, ga shi yau a kurkukun Ingila. Saboda haka, iyaye mata, ku bar 'ya'yanku su yi karatu mai zurfi, ku kuma koya musu tun suna ƙanana cewa babba in ya ci zalin ƙarami sai ya amsa tambaya. Wa ya sani ko cikin 'yammatan Jandutsi akwai wadda wata rana za ta zauna kujerar alƙali?

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, amin. Sai mako mai zuwa.