Ta leƙo ta koma: Magoya bayan Seattle Mariners na jiran abin da ba su taɓa gani ba tun 1977

Cikin ƙungiyoyi 30 da ke buga babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, guda ɗaya ce tak ba ta taɓa zuwa wasan ƙarshe na World Series ba. Ita ce Seattle Mariners, wadda aka kafa a 1977 a birnin Seattle na jihar Washington, can arewa maso yammacin ƙasar.

A kakar 2025 ƙungiyar ta matso kusa fiye da kowane lokaci a tarihinta, sannan ta faɗi a bakin ƙofa. Tun daga nan magoya bayanta suka rabu gida biyu a muhawarar da suke yi a gidajen rediyon wasanni da shafukan sada zumunta. Wasu na ganin an kama hanyar cin kofi, wasu kuma na cewa damar da aka yi shekaru ana jira ce ta suɓuce.

Yadda gasar take

Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. An raba ƙungiyoyin zuwa ɓangare biyu, American League da National League, kowanne da rukuni uku. A kowane ɓangare shida ne ke tsallakawa zuwa wasannin fitar da gwani na watan Oktoba: uku da suka ja ragamar rukuninsu, sai uku da suka fi yawan nasara a cikin ragowar. Zakarun ɓangarorin biyu ne ke haɗuwa a World Series.

Ba a faɗawa ƙaramin rukuni kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Ƙungiya na iya shafe shekaru tana shan kashi ba tare da an kore ta ba, magoya baya ne kawai ke ɗaukar nauyin takaicin.

Shekara 20 na fari

Mutanen Seattle sun san wannan takaici sarai. A 2001 Mariners ta ci wasa 116, adadin da Chicago Cubs ta 1906 kaɗai ta taɓa kaiwa. A shekarar ce Ichiro Suzuki ya zo daga Japan ya lashe kyautar gwarzon ɗan wasa da ta gwarzon sabon shiga a lokaci guda. Duk da haka New York Yankees ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe.

Daga 2002 zuwa 2021 ƙungiyar ba ta sake leƙa wasannin Oktoba ba. Félix Hernández, ɗan Venezuela da ya zama ɗaya daga cikin fitattun masu jifa na zamaninsa, ya yi wa ƙungiyar wasa daga 2005 zuwa 2019, ya tafi bai buga ko wasa ɗaya na fitar da gwani ba. Yaran da aka haifa bayan 2001 sun shiga jami'a ba su taɓa ganin ƙungiyar garinsu a wannan mataki ba.

Farin ya ƙare ne ranar 30 ga Satumbar 2022, lokacin da Cal Raleigh ya shigo daga benci ya doka ƙwallo ta tsallake katangar fili a wasansu da Oakland Athletics. Sun doke Toronto Blue Jays a zagayen farko, kafin Houston Astros ta yi waje da su.

Maganar kashi 54

Murnar ba ta daɗe ba. A 2023 nasara ɗaya tak ta raba su da gurbin shiga. Ana cikin jimami sai shugaban sashen wasanni na ƙungiyar, Jerry Dipoto, ya shaida wa 'yan jarida cewa burinsu shi ne cin kashi 54 cikin 100 na wasanninsu a tsawon shekara goma, domin a ganinsa ƙungiyar da ta ɗore a haka ƙarshenta za ta kai ga kofi. Daga baya ya nemi afuwa kan yadda ya furta maganar, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Lambar 54 ta zama abin zolaya a bakin magoya baya, waɗanda suka fassara ta da cewa masu ƙungiyar, ƙarƙashin John Stanton, sun gamsu da tsaka-tsaki muddin mutane na sayen tikiti.

Shi kansa Raleigh ya fito fili a ƙarshen wannan kaka ya ce dole shugabanni su nemo manyan 'yan wasa kamar yadda abokan hamayya ke yi.

Kakar 2024 ta ƙara wa masu ƙorafi hujja. A watan Yuni Mariners na gaban kowa a rukuninta da tazarar wasa 10. Kafin Agusta ta ƙare tazarar ta zagwanye, an sallami koci Scott Servais, an naɗa tsohon ɗan wasan ƙungiyar Dan Wilson. Nasara ɗaya ce ta sake hana su shiga.

Wani abin lura shi ne lissafin Dipoto ya fito kusan daidai. Daga 2021 zuwa 2025 ƙungiyar ta ci wasa 90, 90, 88, 85 da 90, jimilla 443 cikin 810, wato ɗan sama da kashi 54. Masu kare shi na nuna wannan a matsayin shaidar tsari mai ɗorewa. Masu suka kuma na cewa a cikin shekaru biyar ɗin sau biyu kawai aka shiga Oktoba, alhali da an ƙara kashe kuɗi kaɗan da an cike giɓin nasara ɗayan da ta yi musu tsada har sau biyu.

Shekarar Cal Raleigh

A besbol, bugun da ya tsallake katanga shi ne mafi daraja, domin mai bugun da duk abokansa da ke kan hanya suna samun maki kai tsaye. Raleigh ya yi irin wannan bugu 60 a 2025. Aikinsa a fili shi ne tsugunawa bayan mai bugu yana cafe ƙwallon da mai jifa ya wurgo, matsayin da ya fi kowanne cin jiki, kuma babu wani mai wannan matsayi da ya taɓa wuce 48 a kaka ɗaya. Ya kuma shafe tarihin 56 da Ken Griffey Jr. ya kafa a ƙungiyar.

A wannan karon shugabanni sun buɗe hannu. A watan Yuli sun ɗauko Josh Naylor da Eugenio Suárez daga Arizona Diamondbacks. Ƙungiyar ta lashe rukuninta a karon farko tun 2001, sannan ta fitar da Detroit Tigers a wasa na biyar da ya kai zagaye 15 maimakon tara da aka saba, kusan awa biyar ana fafatawa a filin T-Mobile Park.

Saura Toronto, inda wanda ya fara cin huɗu cikin bakwai zai wuce World Series. Mariners ta ci biyun farko a Kanada, ta sha kashi biyu a gida, ta ci na biyar, ta rasa na shida. A wasa na bakwai, ranar 20 ga Oktoba, tana gaba da ci 3 da 1 a zagaye na bakwai sai George Springer ya yi bugun da ya kawo maki uku. Aka tashi 4 da 3.

Abin da ake ta ja-in-ja a kai

Tambayar da ta fi yawo a bakin magoya baya ita ce dalilin da ya sa Wilson ya saka Eduard Bazardo ya fuskanci Springer, bai kira Andrés Muñoz ba, wanda shi ne gwanin ƙungiyar wajen rufe wasa. Masu suka na cewa a wasan mutuwa ko rayuwa ba a ajiye makami mafi kaifi sai wuta ta lafa. Masu goyon bayan kocin na tunatar da cewa Bazardo ya sha fitar da ƙungiyar kunya a kakar, kuma da masu bugu sun ƙara maki ko biyu da ba a zo nan ba. Raleigh bai ɓoye ba bayan wasan, ya kira sakamakon gazawa. A watan Nuwamba kuma Aaron Judge na Yankees ya doke shi da ƙyar a zaɓen gwarzon ɗan wasa, abin da ya ƙara wa mutanen Seattle zafi.

Masu kyakkyawan fata na da abin kamawa. Raleigh ya sa hannu kan kwantiragin shekara shida a Maris ɗin 2025. Julio Rodríguez, ɗan Jamhuriyar Dominika, yana da doguwar yarjejeniya kuma shekarunsa ba su ja ba. Masu jifa huɗu, Logan Gilbert da George Kirby da Bryce Miller da Bryan Woo, duk renon gida ne. Naylor ma ya amince ya zauna shekara biyar.

Masu ɗari-ɗari kuwa ba sa mantawa da 2001. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Suna nuni da cewa bugu 60 ba abu ne da ake maimaitawa kowace shekara ba, rauni ɗaya a hannun mai jifa na iya ruguza kaka, kuma a gasar da babu iyakar albashi, ƙungiyoyi masu ƙarfin aljihu irin Los Angeles Dodgers, wadda ta doke Toronto ta riƙe kofinta a 2025, ba za su tsaya jiran kowa ba.

Akwai dalilin da ya sa batun kuɗi ke saurin sosa ran mutanen garin. A tsakiyar shekarun 1990 an yi fargabar za a ɗauke ƙungiyar daga Seattle, sai bajintar da ta yi a 1995 ta taimaka aka amince da gina sabon fili, wanda kuɗin haraji ya ɗauki kaso mai yawa na aikinsa. A 2008 kuma ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando, SuperSonics, ta koma Oklahoma City. Don haka da yawa na kallon Mariners a matsayin amanar da jama'a suka biya, suna kuma jin suna da haƙƙin neman a yi musu hidima daidai gwargwado.

Abin da ɓangarorin biyu suka yi ittifaƙi a kai shi ne ma'auni ya sauya. A 2022 shiga wasannin Oktoba kaɗai ya isa a cika titunan Seattle da murna. Yanzu da aka ɗanɗana wasa na bakwai, duk kakar da ta tsaya ƙasa da World Series za a lissafta ta cikin asara, kuma Dipoto da Stanton ne za su fara amsa tambayoyi.