Rajistar Tukunus da bokitin intanet: layi ɗaya, nauyi mai yawa

Arewa da garin Filinge, tafiyar kilomita kusan 20, akwai tashar kiwo ta Tukunus, inda tun shekarun 1950 ake renon shanun Azawak ana zaɓen irinsu. Rabin dukiyar irin wannan wuri yana garke, rabi yana cikin rajista: wace saniya ta haifi wace, lita nawa ta ba da, wane bajimi ya hau ta. Haka lissafin ruwan sama na kowace damina a kwarin Dallol Boso, haka sunayen yaran da aka yi wa rigakafi a asibitocin ƙasar Kurfai. Takarda gara na cin ta, kwamfuta kuma zafi da ƙura ba sa barin ta ta tsufa. Shi ya sa ma'aikatu da ƙungiyoyi a duniya suke ajiye kwafin bayanansu a manyan ma'ajiyun intanet, kuma ko ba jima ko ba daɗe ofisoshinmu za su bi sahu.

Amazon ya buɗe tasa ma'ajiyar, S3, a 2006, Google da Microsoft suka biyo baya. A wurin Amazon da Google, kowane wurin ajiya da mutum ya buɗe sunansa bokiti. Yana da suna, yana da yankin da aka ajiye shi, yana kuma da saituna masu faɗin wanda zai shiga, da abin da zai faru idan an goge fayil, da kuɗin da za a biya a ƙarshen wata.

Ana canza saitunan ta hanya biyu. Ko a buɗe shafin kamfanin a yi ta latsa maɓallai, ko a buɗe baƙin allon nan na umarni a rubuta abin da ake so. Wanda ya taɓa zama a ofis yana kallon shafi na juyawa saboda rezo ya yi ƙasa, ga batir na ƙarewa, ya san wace ta fi dacewa da mu. Shafin yana jawo kaya masu nauyi kafin ya nuna maɓalli ɗaya. Umarni kuwa 'yan haruffa ne, sukan wuce ko da layin ya raunana. A ce an sa wa bokitin suna rajistar-shanu a Google, sai ma'aikaci ya rubuta:

gcloud storage buckets update gs://rajistar-shanu --versioning

Daga wannan lokaci, idan wani ya ɗora sabon fayil a kan tsoho bisa kuskure, tsohon bai tafi ba, ana iya dawo da shi. Idan aka sauya ƙarshen layin zuwa --public-access-prevention, an rufe ƙofa ga jama'ar waje ke nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 an gano bayanan masu zaɓe kusan miliyan 198 na Amurka a wani bokitin S3 da aka bari a buɗe, ba tare da wani ya fasa komai ba. Sai a watan Afrilun 2023 Amazon ya mai da irin wannan saitin na hana buɗe bokiti ga jama'a ya zama asali ga kowane sabon bokiti.

Sauƙin nan shi ne haɗarin. Allon ba ya jan kunne kamar yadda abokin aiki zai yi. Tsofaffin kwafin da aka ce a ajiye, kowane ana biyan kuɗinsa, kuma da kuɗin waje, don haka sai an haɗa da dokar share su bayan wani lokaci ta hanyar --lifecycle-file. Dokar kuwa idan an rubuta ta ba daidai ba, rajistar kanta za ta share. Google yana da matakan ajiya huɗu. Masu arha, wato Nearline da Coldline da Archive, suna cajin kwana 30 da 90 da 365 ko da an cire fayil kafin lokacin, kuma ana biya idan an ɗauko. Canza matakin bokiti ma sababbin fayiloli kawai yake shafa, na da suna nan yadda suke, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai takardar biya ta zo. Mafi tsanani shi ne --lock-retention-period. Wanda ya kulle wa'adin ajiya ya kulle ke nan, ba ya buɗuwa, ba a rage shi. Suna da yanki kuma wannan umarni ba ya taɓa su, don haka tun ranar farko za a yanke ko Johannesburg, inda Google ya buɗe cibiyarsa a 2024, ko Turai.

A Kurfai ba yaro ne ke yanke ranar buɗe rumbu ba, ko da shi ke hawa ya ɗebo damin. A ganina haka ya kamata a ɗauki wannan aiki. Matashin da ya iya kwamfuta shi zai rubuta umarnin, amma wanda zai ga sunayen marasa lafiya, da shekara nawa za a riƙe rajista, hukuncin shugaban ofis ne. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, kuma idan bayanai suka fita ba za a tambayi allo ba.

Layin umarni yana da falalar da latsa maɓalli ba ta da ita: ana iya adana shi. A rubuta kowane umarni a fayil ɗaya da kwanan wata da sunan wanda ya amince. Kafin a canza komai a buga gcloud storage buckets describe a ga yadda bokitin yake, bayan an canza a sake bugawa. Ma'aikaci ana yi masa canjin wurin aiki, yau yana Filinge gobe yana Yamai. Shugabannin ofisoshi, ku nemi wannan fayil a hannun ma'aikacinku tun yana nan, ku sa ya karanta muku shi layi bayan layi da Hausa.