Farfesan da ya ce HIV ba ta kisa

A 1987 Peter Duesberg, farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, ya wallafa maƙala a mujallar Cancer Research inda ya ce ƙwayar HIV ba ita ke haddasa ƙanjamau ba. Mutumin ba ɗan koyo ba ne. Haifaffen Jamus ne, kuma tun 1970 ya yi suna a binciken ƙwayoyin halittar da ke jawo cutar daji. A ganinsa HIV fasinja ce kawai a jiki. Abin da ke karya garkuwa, in ji shi, shaye-shayen miyagun ƙwayoyi ne, da rashin abinci mai gina jiki, har da AZT, maganin ƙanjamau kansa.

A yi masa adalci: a lokacin akwai sauran duhu, kuma AZT da ake ɗura wa majinyata da yawa yana galabaitar da su. Tambaya halas ce a kimiyya. Sai dai amsoshi sun zo ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka yi wa ƙarin jini mai ɗauke da ƙwayar sun kamu, ba tare da sun taɓa kusantar kayan maye ba. Jarirai sun ɗauka daga iyayensu mata. Daga 1996, da aka fara haɗa magunguna uku masu danne ƙwayar, mutanen da aka fidda rai da su suka miƙe suka koma aiki. Duesberg bai gusa ko taku ɗaya ba, kuma nan ne shakka ta rikiɗe ta zama taurin kai.

Da maganar ta tsaya a ɗakin lacca da sauƙi. A 2000 shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ya saka shi cikin kwamitin ba da shawara kan ƙanjamau. Masana fiye da 5,000 suka rattaba hannu kan Sanarwar Durban suna jaddada cewa HIV ce sanadi, amma gwamnati ta ci gaba da jan ƙafa wajen samar da magungunan, ministar lafiya Manto Tshabalala-Msimang tana tallata tafarnuwa da lemun tsami. Sai da kotun tsarin mulki ta tilasta a 2002 kafin a wadata asibitocin gwamnati da nevirapine, maganin da ke kare jariri daga ɗaukar cutar. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta a 2008 cewa jinkirin ya ci rayuka sama da 330,000 tsakanin 2000 da 2005, jarirai kimanin 35,000 kuma suka zo duniya da ƙwayar.