Yaran da Suka Wayi Gari Ba Su da Ƙasa

Ranar 9 ga Yulin 2011 Sudan ta Kudu ta ɓalle daga Sudan. Ba a jima ba majalisar Khartoum ta yi wa dokar zama ɗan ƙasa ta 1994 kwaskwarima: duk wanda ya cancanci zama ɗan Kudu, ko ya nema ko bai nema ba, an cire shi daga 'yan Sudan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙarin da aka yi, wai idan uba ya rasa ƙasa, 'ya'yansa ƙanana su bi shi. Uwa fa? Ba a saka ta a lissafi ba, alhali tsarin mulkin 2005 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne, ba mai ƙwace masa wannan haƙƙi.

Ga wata yarinya, uwarta 'yar Sudan, ubanta asalinsa Kudu ne, kuma ya rasu tun kafin a raba ƙasar. A arewacin Sudan aka yanke mata cibiya, a nan ta yi makaranta. Da ta je neman lambar shaidar ɗan ƙasa don shiga jami'a, sai aka ce mata ita baƙuwa ce. Takarda ɗaya ta tsayar da karatunta cak.

Ƙungiyoyin kare haƙƙi biyu suka kai ƙara gaban kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara, kuma a 2018 ya yanke cewa Sudan ta nuna bambanci, ta tauye haƙƙin yarinyar. Madogararsa Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Yara ta 1990 ce, wadda sashe na 6 nata ya wajabta a yi wa yaro rajista da zarar an haife shi, kuma ƙasar da aka haife shi ta karɓe shi muddin babu wata da ta ba shi matsayin ɗanta.

A ganina, nan gizo ke saƙa. Cancanta a rubuce daban take da takarda a hannu, kuma Khartoum ta cire yara bisa zato kawai, ba tare da ta tabbatar Sudan ta Kudu ta karɓe su ba. Bai kamata a raba yaro da ƙasa ɗaya ba sai ta biyun ta tabbata.

Don haka iyayen da ke zaune a ƙasar da ba tasu ba, ku karɓar wa 'ya'yanku takardar haihuwa tun suna goye, ku adana ta da kyau.