Wace Tarakta Ce Daidai da Gonarka?

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka shigo da su daga Belarus a watan Yunin 2025, zancen tarakta ya dawo bakin jama'a. A Nassarawa GRA ta Kano, inda manyan 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikata da dama suka mallaki gonaki a Kura, Bunkure, Bagwai ko hanyar Wudil, zancen ya fi karkata ga wace iri ya kamata mutum ya saya da kuɗinsa. Shawarar da aka fi ji kuwa ita ce: "Alhaji, in za ka saya, sayi babba, ka huta." Wannan shawara ta salwantar da dukiya mai yawa, kuma ta lalata gonaki.

A ɗauki gona mai hekta 10, da tarakta mai ƙarfin doki 75 irin Massey Ferguson 375 da aka saba gani a Arewa. Garma mai faifai uku tana yanka faɗin da bai kai mita ɗaya ba. In taraktar na tafiyar kilomita 6 a awa, aka cire lokacin juyawa a bakin gona da 'yan tsaye-tsaye, ba za ta kafce rabin hekta cikakke a awa ɗaya ba. Wato kaftun gonar duka awa 25 ne ko ɗan sama da haka. Haro ya fi sauri, domin faɗinsa ya kai mita biyu, kusan hekta ɗaya ke nan a awa. A haɗa da huɗa, duk aikin shekara bai wuce awa 50 zuwa 60 ba. Sauran kwanakin shekarar fa? Tana ajiye, batir na mutuwa, tayoyi na tsagewa a rana, darajarta na raguwa, direba kuma na karɓar albashi.

Kowace uwargida ta san tukunyar biki. Ranar suna ko ɗaurin aure a aro ta ko a yi hayarta, a gama a mayar. Ba mai sayenta don tuƙa tuwon dare na mutum biyar, domin itacen da za ta ci kafin ta ɗauki zafi ya fi tuwon tsada. Haka ma babban inji yana shan man gas gwargwadon girmansa ko da aikin da aka ɗora masa ƙarami ne, ga shi lita ta daɗe da haura naira 1,000. Mai hekta 10 da ba shi da niyyar fitar da taraktarsa haya, hayar ta wani ta fi masa alheri.

Asarar da ta fi ta kuɗi muni a ƙasa take faruwa. Gonakin jigawa na wajajen Ɗambatta da Bichi ƙasa ce mai yashi, albarkarta duk a sama take, ba ta da kauri. Babbar garma in ta nitse sosai, sai ta binne wannan ƙasa mai rai, ta tono matacciya ta ƙasa, iska da ruwa su kwashe abin da ya rage. A fadama kuma matsalar nauyi ce. Tarakta mai nauyin tan biyu zuwa uku in ta bi ta kan laka mai danshi, takan danne ƙasar da ke ƙarƙashin inda garma ke kaiwa har ta yi tauri. Saiwar masara ko tumatir ta kasa ratsawa, ruwa ya kwanta, mai gona ya yi ta ƙara taki yana zargin iri.

A je Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga da aka gina a zamanin Audu Bako ke shayar da shinkafa, alkama da tumatir. Gonakin can ƙanana ne, an yanka su fangali-fangali, ga magudanan ruwa a tsakani. Babbar tarakta a irin wannan wuri rabin lokacinta a juyawa yake ƙarewa, tana rusa gaɓar magudana. Taraktar hannu mai taya biyu, mai ƙarfin doki 10 zuwa 15, wadda wasu ke yi wa kallon abin wasa, ita ce ke shiga fangali ta dama laka ta fito lafiya. Bangladesh ta gane haka. A 1988 ta sassauta dokokin shigo da ƙananan injuna, akasari daga Sin, kuma yau yawancin gonakin ƙasar da irin waɗannan ake noma su. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayen taraktoci, mafi yawan waɗanda manomanta ke saya masu ƙarfin doki 30 zuwa 50 ne.

Wannan ba yana nufin ƙarama ta fi a ko'ina ba. Daminar Kano gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kwanakin gyaran gona bayan ruwan farko ƙididdigaggu ne. Mai hekta 100 da ya sayi ƙaramar tarakta don tsimi zai ga shuka ta wuce shi yana kan kaftu. Haka wanda ya ɗaura wa ƙaramin inji garmar da ta fi ƙarfinsa: baƙin hayaƙi, tayoyi na juyawa a wuri ɗaya, kuloci ya ƙone. Tirela mai nauyi a bayan tarakta mara nauyi kuwa haɗari ce ga rai, domin a gangara kayan ne ke tura ta, birki ya gagara.

Saboda haka mai saye ya fara da lissafa ayyukansa: kaftu ne, ko jigilar takin gargajiya da amfanin gona, ko tuƙa injin casa da famfon ruwa? Aikin da ya fi nauyi shi zai nuna kayan aikin da za a ɗaura, kayan aikin kuma su nuna ƙarfin da ake bukata. Ya kuma sani cewa lambar da dillali ke faɗa ƙarfin injin ne. Abin da ke isa sandar juyi ta baya ya gaza haka, wanda ke isa wajen jan garma ya ƙara gazawa. Laka na bukatar tarakta mai ja da tayoyi huɗu, jigawa ba lallai ba. Kafin ya biya, ya leƙa Ƙofar Ruwa ya tambayi kayan gyaran samfurin, ya kuma tabbatar akwai makaniken da ya san cikinta kusa da gonar. Malaman gona na hukumar KNARDA da masana na cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru suna nan don irin wannan shawara, amma kaɗan ne ke neman su kafin su saya.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Jihar Kano ta ga lokacin da ake harhaɗa taraktocin Fiat a kamfanin NTM da ke hanyar Zariya, ana harhaɗa Steyr a Bauchi. Wannan ya zama tarihi, kuma harabar ofisoshin gona da yawa na ɗauke da taraktocin da suka mutu saboda rashin ƙaramin kayan gyara. Duk da haka, har yau da yawan taraktocin da aka jera ranar biki ake auna nasara. Manomin da gonarsa ba ta kai hekta biyu ba, wanda shi ne mafi rinjaye a Kano, bukatarsa injin da zai shiga gonarsa a kan kari da farashin da zai iya biya. Ya kamata duk shirin raba taraktoci ya haɗa manya da matsakaita da na hannu gwargwadon ƙasar kowane yanki, a horar da direbobi da makanikai, kuma a ƙarshen kowace damina a bayyana wa jama'a hekta nawa kowace tarakta ta noma.