ZAƁEN JAN WARDI A BAKIN TEKU: A DUBA GANYE KAFIN A DUBA FURE

A cikin watan Janairu na kowace shekara, masu sayar da dashen furanni a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka sukan jera dashen wardi a ƙofar shagunansu. A wannan lokaci dashen ba shi da ganye balle fure, 'yan sanduna ne kawai masu ƙaya da saiwa, an rataya wa kowanne hoton furen da aka ce zai yi. Mai saye ba shi da abin dubawa sai hoton nan, galibi kuwa idonsa yakan faɗa ne a kan wanda ya fi ja, ya fi girma, ya fi cikar fallaye. Sai ya biya, ya kai gida, ya haƙa rami, ya zuba taki, ya dasa.

A watannin Afrilu da Mayu abin gwanin ban sha'awa. Amma da Yuni ya kama, hazo ya fara kwararowa daga tekun Fasifik yana lulluɓe unguwannin yammacin birnin, sai labari ya sha bamban. Wannan hazo ba irin na hunturu ba ne mai ƙura da busar da leɓe. Hazo ne mai laima, kamar gajimare ya sauko ƙasa, yakan kwana a kan ganye, wani lokaci ma ya wuni. Kafin Agusta ta ƙare sai ka tarar da wardin nan ganyensa ya nannaɗe ya yi fari fat, ko kuwa ya zube, furen da aka saya dominsa ya dunƙule ya ruɓe bai ko buɗe ba. Daga nan mai lambu ya shiga ɗawainiyar feshin magani duk bayan mako ɗaya ko biyu, shekara da shekaru, ko kuwa ya tumɓuke ya yi hasarar kuɗinsa da wahalarsa.

ABOKAN GABA UKU

Abin mamaki shi ne, daɗin yanayin wurin shi ne tushen wahalar. A San Faransisko zafin rana a tsakiyar shekara bai cika wuce digiri 20 a ma'aunin santigired ba, sanyi kuma ba ya kai ga daskarar da ƙasa. Haka abin yake a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. A ƙasashen da ake tsananin sanyi wardi yakan zubar da ganyensa ƙaf ya yi barci, cuta ta ragu. A inda ake tsananin zafi kuma rana takan busar da ganye da wuri. Amma a bakin teku mai sassaucin yanayi tsohon ganye yakan zauna a jikin itacen har sabo ya fito, watau cutar bara ta miƙa wa ta bana hannu ke nan.

Manyan cututtukan uku ne, dukkansu kuwa dangin fumfuna ne. Ta farko ita ce baƙin tabo, wadda masana ke kira Diplocarpon rosae. Ƙwayoyinta suna bukatar ganye ya jiƙe na wajen sa'a 7 kafin su kama shi, kuma fallatsin ruwan sama ne ke ɗauke su daga wannan ganye zuwa wancan. Sai tabo baƙi ya fito, gefensa ya yi rawaya, ganye ya dinga zuba daga gindi zuwa sama har itacen ya koma tsirara. Wardin da ya yi haka shekara biyu ko uku a jere yakan rame, furensa ya ƙanƙance.

Ta biyu ita ce farar ƙura, wadda ke sa sabon toho ya zama kamar an barbaɗa masa gari. Ita wannan halinta dabam ne, domin ba ta bukatar ruwan sama ko kaɗan. Abin da take so shi ne dare mai sanyi da laima, da rana mai ɗan ɗumi. Ta uku ita ce tsatsa, wadda sai an juya ganye ake ganinta, ɗigo-ɗigo ruwan goro a bayansa, tana kuma son sanyi-sanyi da raɓa.

A nan ne mai zaɓe ya kamata ya natsu. Cornwall ƙasar ruwan sama ce kusan duk shekara, saboda haka baƙin tabo ne babban abokin gabanta. San Faransisko kuwa daga Yuni zuwa Satumba da ƙyar ake samun ruwa, sai hazo, saboda haka farar ƙura da tsatsa suka fi addabarta. Duk bakin teku ne, duk yanayi mai sauƙi ne, amma kowane allazi da nasa amanu. In an rubuta a jikin dashe cewa yana jure cuta, tambayar da ta kamata ita ce: wace cuta, kuma a ina aka gwada shi?

YADDA WARDI YA ZAMA RAGO

Raunin wardin zamani yana da tarihi. A shekarar 1900 wani gwanin haɗa iri na birnin Liyon a Faransa, Joseph Pernet-Ducher, ya fitar da wardin da ya sa wa suna Soleil d'Or, wanda ya samu daga wani rawayan wardi na ƙasar Farisa. Ta hanyarsa ne launin rawaya da ruwan lemo suka shiga wardin zamani, amma masana da yawa suna ganin ta nan ne kuma saurin kamuwa da baƙin tabo ya ƙara yaɗuwa cikin zuriyar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu magungunan feshi suka yawaita, masu haɗa iri suka mai da hankali ga girman fure da launi da ƙamshi, suka bar wa mai feshi maganar ganye.

A Ingila ma hayaƙi ne ya daɗe yana rufa wa wardi asiri. Hayaƙin kwal da ake ƙonawa a gidaje da masana'antu yana ɗauke da farar wuta, ita kuwa farar wuta tana kashe fumfuna, saboda haka wardin Landan da sauran biranen masana'antu bai cika yin baƙin tabo ba, alhali na ƙauyukan bakin teku masu iska mai tsabta yana fama da shi. A watan Disamba na 1952 hayaƙi ya turnuƙe Landan har mutane aƙalla 4,000 suka rasa rayukansu, abin da ya kai ga kafa dokar tsabtace iska a 1956. Iska ta gyaru, mutane suka sami lafiya, wardin birni kuwa asirinsa ya tonu.

Jajayen wardi masu duhu da ƙamshi suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Crimson Glory na 1935, da Chrysler Imperial na 1952, da Papa Meilland na 1963, da Mister Lincoln na 1964, duk sun yi suna a duniya saboda ƙamshi, kuma duk an san su da kamuwa da farar ƙura. Ba abin mamaki ba ne, domin dangi ɗaya ne: Papa Meilland da Mister Lincoln uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma Chrysler Imperial na cikin iyayen. A gari mai zafi da bushewa sukan yi kyau ƙwarai. A cikin hazon teku kuwa kyansu kyan ɗan maciji ne ga aljihun mai lambu.

WAƊANDA SUKA AJIYE FESHI

Gyaran ya taso ne daga mutanen da suka yarda su bar cuta ta yi musu alƙalanci. A Jamus akwai wata jarrabawar sababbin irin wardi da ake kira ADR, wadda aka fara wajen 1950 bisa shawarar Wilhelm Kordes na biyu. Akan dasa sabon iri a wurare wajen 11 a sassan ƙasar, a lura da shi shekara 3 ba tare da an fesa masa maganin fumfuna ba. Wanda ya tsaya da ganyensa shi ke samun lamba, in kuma daga baya ya kasa, a karɓe ta. Kamfanin Kordes kansa, wanda aka kafa a 1887 kusa da Hambug, inda iskar teku ke kaiwa, ya daina feshin fumfuna a filayen gwajinsa wajen 1990. Abin da cuta ta kayar aka zubar, abin da ya rage aka haɗa iri da shi.

A Amurka kuma wani mutum mai suna William Radler, na jihar Wisconsin, ya ma zarce haka. Shi yakan tattara ganyen da ya kamu, ya niƙa, ya barbaɗa wa 'yan dashensa bayan ya jiƙa su, don ya ga wanda zai tsira. Daga wannan lambu na bayan gida aka sami Knock Out, wanda ya shiga kasuwa a shekarar 2000, ya kuma zama ɗaya daga cikin wardin da aka fi saye a ƙasar saboda jure baƙin tabo. Sai dai jansa ya karkata ga ruwan hoda, kuma ƙarfinsa a kan farar ƙura bai kai na baƙin tabo ba. Tom Carruth na Kalifoniya ya haɗa iri da shi ya fitar da Home Run a 2006, mai falle 5, ja wur, wanda ya fi ubansa jure farar ƙura. Ga mai lambu a cikin hazo wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

WANNE ZA A ƊAUKA?

Bayan ganye, abu na biyu da za a ƙidaya shi ne fallayen furen. Fure mai falle 40 ko 50 yana bukatar zafi kafin ya buɗe. In laima ta jiƙa fallayen waje sai su manne da juna, na ciki su ruɓe. Mai falle kaɗan kuwa ko rana ba ta fito ba zai buɗe. Shi ya sa Altissimo, wanda gidan Delbard na Faransa ya fitar a 1966, ya karɓu a bakin teku: mai hawa bango ne, fallayensa ba su wuce 7 ba, faffaɗa, ja kamar jini. Ɗansa Dublin Bay, wanda Sam McGredy ya fitar a 1975, ya fi shi cikar fure, ganyensa kuma mai sheƙi ne da ƙwari.

Wanda kuwa ya nace sai babban fure mai dogon kara na sakawa a tulu, yana da Olympiad, shi ma na McGredy, wanda aka sa wa suna don wasannin Olimfik na Los Anjalis na 1984. Akwai Ingrid Bergman na gidan Poulsen na Danmak, na 1984, wanda tarayyar ƙungiyoyin wardi ta duniya ta karrama a 2000. Akwai kuma Grande Amore na Kordes, na 2004, wanda ya ci jarrabawar ADR. Gaskiyar da mai sayarwa bai cika faɗa ba ita ce, duk ukun ƙamshinsu kaɗan ne. Mai lambu ne zai auna wa kansa: ƙamshin mako uku a watan Mayu, ko kuwa ganye da fure har Nuwamba.

In gidan yana daf da ruwa, inda iska ke ɗauko gishiri tana ƙona toho, to, akwai dangin Rosa rugosa, wanda asalinsa a kan rairayin gaɓar Japan da Koriya da gabashin Rasha yake tsirowa. Ganyensa mai kauri ne da tamoji, cuta ba ta cika kama shi ba, feshin magani ma ɓata shi yake yi. Roseraie de l'Haÿ na 1901 ɗan wannan dangi ne, yana da ƙamshi sosai, sai dai jansa ya gauraya da shunayya. A kula kuma, asalin irin yana yaɗuwa ta saiwa, har ya mamaye tuddan rairayi a gaɓar Danmak da Jamus ana fama da tumɓuke shi.

Akwai wani abin lura kuma. Yawancin wardin kasuwa na aure ne, kamar mangwaro. A Amurka gindin da aka fi yin auren a kansa shi ne Dr. Huey, shi ma ja ne mai duhu, amma sau ɗaya yake fure a shekara, kuma farar ƙura da tsatsa suna kama shi. In toho ya fito daga ƙarƙashin mahaɗar aka ƙyale shi, sai ya rinjayi na sama, mai lambu ya wayi gari da jan wardin da ba shi ya saya ba. Irin wannan toho fizge shi ake yi daga tushe tun yana ƙarami.

GANI YA KORI JI

Ko iri mai ƙwari yana bukatar taimako. A dasa shi inda zai sami rana ta aƙalla sa'a 6, musamman hantsi, don raɓa ta bushe da wuri. A ba shi fili iska ta ratsa, kada a matse shi a lungu. A yi ban ruwa a gindi da safe. Kada a cika masa takin zamani mai sa ganye, domin toho mai taushi shi ne abincin farar ƙura. Sa'an nan a tsakiyar lokacin sanyi, sa'ad da ake datse rassa, a tsige duk tsohon ganyen da ya ƙi zuba, a share na ƙasa a fitar da shi daga lambun. Aikin da sanyi bai yi ba, hannu ya yi shi.

Duk da haka babu wardin da za a rantse a kansa. Masu bincike sun gano cewa baƙin tabo kansa launi-launi ne, fiye da 10, irin da ya gagari wannan launi yana iya faɗuwa a gaban wancan. Saboda haka shaidar da ta fi kowace ita ce ta unguwa. Mutumin San Faransisko yana da lambun wardi na dandalin Golden Gate, wanda aka kafa a 1961 a tsakiyar hazon. Lokacin zuwa kuwa shi ne ƙarshen Agusta ko Satumba, sa'ad da hazo ya gama aikinsa, domin a watan Mayu kowane wardi ango ne. A sunkuya a dubi ganyen gindi, a juya bayansa, a rubuta sunan wanda ya tsaya kore shar, a jira Janairu.

Gaɓar tekun Nijeriya, daga Ikko zuwa Kalaba, ba ta cikin wannan lissafi, domin zafi ne da laima a haɗe, kuma sunayen da aka ambata ba a kanta aka auna su ba. Inda yanayi ya fi kusa da wanda aka bayyana shi ne tuddan Jos da Mambila, masu sanyi da doguwar damina. Mai son jan wardi a can, hanyar ɗaya ce: ya zaga lambunan maƙwabta a ƙarshen damina, ya ga wanda ruwa bai tuɓe wa riga ba, shi zai nemi reshensa.